Cinikin fatar jaki na neman mayar da guragun karkara rarrafe

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai albarka in yi magana a kan jaki. Na san wasu masu karatu za su ce ƙasar nan tana da matsalolin da suka fi wannan girma, ga tsadar abinci ga rashin tsaro, kuma gaskiyarsu ne. Amma akwai wasu bayin Allah a karkarar Arewa waɗanda cinsu da shansu, da zuwansu masallacin Juma'a da asibiti, duk a bayan jaki suke. Duk lokacin da aka taso da zancen fataucin fatun jakuna a rediyo, sai in ji ana ambaton manoma da masu ɗiban yashi da mata masu ɗiban ruwa. Mu guragu ban taɓa jin an ambace mu ba. Alhali manomi in ya rasa jaki zai ɗora buhunsa a ka ya taka da ƙafarsa, ko da wahala. Mu kuwa in muka rasa, mun zauna ke nan.

Ni mutumin karkarar Gumel ne a Jihar Jigawa. Cutar shan inna ta kama ni tun ina ƙarami, ta shanye mini ƙafafu duka biyu, a zamanin da rigakafi bai kai ƙauyukanmu ba. Da aka ba da sanarwa a watan Agustan 2020 cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar wannan cuta na yi wa Allah godiya ƙwarai, domin ba na fatan jikana ya ga abin da na gani. Sai dai mu da cutar ta riga ta taɓa muna nan da ranmu, muna da mata da 'ya'ya, kuma dole mu fita nema. Sana'ata koli: allura da zare, kwalli, madubi, turare, man shafawa, sabulu, 'yan kunne na roba. Ina cin kasuwannin ƙauyukan da ke kewaye da mu, ranar da babu kasuwa kuma in bi rugage da unguwanni. Ban taɓa yin bara ba, kuma jaki ne sanadin da Allah ya rufa mini asiri da shi.

Mutumin birni zai tambaya, ina keken guragu? Tambaya ce mai kyau, kuma ina so in amsa ta sosai, domin masu taimaka mana da zuciya ɗaya a nan suke kuskure. Keken nan mai taya uku da ake tuƙawa da hannu, wanda 'yan'uwanmu guragu da kansu suke ƙerawa a Kano, abin alheri ne ga wanda yake zaune inda akwai kwalta ko ƙasa mai tauri. An taɓa ba ni ɗaya, na kuma gode wa wanda ya bayar har yau. Amma ƙasarmu rairayi ce. Daga ƙofar gidana zuwa bakin titi, tayar gaba nutsewa take yi, ka yi ta juya hannu kafaɗa tana ƙara keke bai motsa ba, sai yara sun zo sun tura. Da damina taɓo ne. Da kaka da rani kuwa ƙayar aduwa da ta bagaruwa ba sa barin tayar keke ta yi mako lafiya, mai faci kuma sai a gari. Babur mai ƙafa uku ya fi dama, to amma wa ke da kuɗinsa? Waɗanda suke da shi a cikinmu ma, tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da yawansu sun jingine shi, domin ribar koli ta yini ɗaya ba ta sayen litar da za ta kai ka ta dawo da kai. Jaki ba ruwansa da rairayi, ba ruwansa da ƙaya, abincinsa kuma yana bakin hanya.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, shi ya fara ɗora ni a kan jaki don in je makarantar allo kamar sauran yara. Da na girma na sayi nawa. Na riƙe jakuna daban-daban, amma wadda nake so in ba da labarinta wata jaka ce, irin jajayen nan da muke kira auraki, don haka nake ce mata Aura. Na saye ta tana ƙarama, tun kafin jakuna su yi tsada, a kan kuɗin da bai kai naira dubu ashirin ba.

Wanda yake da ƙafa bai san abin da ake nufi da gurgu ya hau jaki ba. Mai ƙafa tsalle ɗaya zai yi ya haye, ya matse cikin jakin da cinyoyinsa, in jakin ya yi tutsu ya diro. Ni da hannu nake hawa. A gida akwai dakali a ƙofar zaure, daga kansa nake jan jikina zuwa kan akumari. A daji babu dakali, sai dai suri ko kututture ko gefen kwazazzabo, wani lokaci ma babu ko ɗaya, sai in kama wuyanta da hannu ɗaya, akumari da ɗaya, in ɗaga dukkan nauyina. Jakin da bai saba ba da ya ji an rataye a wuyansa zai goce, ka faɗo ƙasa. Aura kuwa da ta ga na nufo ta sai ta matso da kanta, ta gyara tsayuwa, ta buɗa ƙafafu ta dage, ba ta ɗaga kofato ko ɗaya ba sai ta ji na daidaita zama na yi mata magana. Ba ta da linzami, jakunanmu ba a sa musu. Da murya nake sarrafa ta, da 'yar tsumagiya da nake taɓa gefen wuyanta in ina so ta karkata, kuma a shekarunta na baya tsumagiyar ma riƙe ta kawai nake yi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ta san bambancin wanda ke kanta. In babban ɗana ya hau ta zuwa rijiya, sassarfa take yi da shi har da gudu. In ni ne, ba ta taɓa wuce tafiyar hankali ba, domin ta gane ƙafafuna lilo suke yi, ba su riƙe komai. In mun zo gangara sai ta rage, ta bi ta karkace. In mun zo inda reshen ƙaya ya sunkuyo kan hanya sai ta kewaye, ko da ita kaɗai za ta iya wucewa ta ƙarƙashinsa. Wata rana da damina muna dawowa daga kasuwa, ruwa ya tsuge, igiyar akumari ta saki, na zame na faɗa cikin taɓo tare da mangalar kaya, ga tsawa ana yi, ga magariba ta kawo kai, babu kowa a hanya. Jaki da ya ji kaya sun sauka daga bayansa ga ruwa na dukansa, gida yake nufa. Ita ta tsaya a kaina. Na daɗe ina tattara kaya ina ɗaure igiya da hannuwa masu santsi, ba ta gusa ba har na hau.

Ba a rana ɗaya ake samun wannan ba. Sai an shekara, an ƙara, kana tare da dabba kullum, ta san muryarka, ta san nauyinka, ta san inda kake da rauni. Kuma ba da duka ake koya mata ba. Jakin da ake duka tsoron mutum yake yi, da ka miƙa hannu sai ya kauce, gurgu kuwa ba zai iya hawan dabbar da take kauce masa ba. Shi ya sa in ka duba za ka ga jakin gurgu ya fi na kowa ƙiba da sheƙi a ƙauye. A gidana yara sun san in aka ɗebo ruwa Aura ce take fara sha. Da bazara, lokacin da harawa take tsada, nakan rage cefane in saya mata. Dusa da 'yar kanwa ba sa yanke mata. Kowace yamma in na sauke akumari sai na shafa bayanta da tafin hannuna in ji ko akwai inda ya yi zafi, domin gyambo a bayanta daidai yake da a ce ni ma na kwanta. Ina cire mata kaska, ina duba kofatonta, da damina in hura mata hayaƙi saboda ƙudaje da sauro. In ta ga toka tana son birgima sai in sauka in zauna in jira ta gama. Ita ba ta taɓa gajiya da jirana ba.

Cikin wani dare da rani aka yanke igiya a turke aka tafi da ita. Tana ɗauke da ciki. Ƙanena ya goya ni a babur muka bi kasuwanni muna dubawa, muka ga manyan motoci an shaƙare su da jakuna, babba da yaro, har da masu ciki da masu shayarwa, an nufi Kudu da su. Ba mu gan ta ba. Da na kai ƙara inda ya kamata in kai, an saurare ni da mutunci, amma abin da aka rubuta shi ne an sace jaka ɗaya, kuɗinta kaza. Na yi ta ƙoƙarin in fahimtar da su cewa ba jaka ɗaya aka sace ba. An sace kasuwata, an sace Juma'ata, an sace zuwa gaisuwar mutuwa da suna da duba mara lafiya. Watanni ina zaune a zaure. Masu sayen kayana suka koma wajen wasu. Na koma sa takalmi a hannu ina rarrafe zuwa masallacin unguwa, abin da na rabu da shi tun ƙuruciya, ga kafaɗu sun fara tsufa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ɗana ya riƙa fashin makaranta don ya tura ni a kura zuwa bakin titi.

Yanzu ina da wani ɗan jaki, idabari, da 'yan'uwa suka haɗa mini kuɗinsa, kuɗin da a da zai sayi garke ƙarami. Yaro ne, bai gama sanina ba, har yanzu sai an riƙe mini shi nake hawa. A cikin zaure yake kwana da sarƙa a ƙafa, ni kuma barcina rabi ne.

Ba ni kaɗai ba ne. Akwai wani dattijo makaho a wani ƙauye kusa da mu wanda jakinsa yake kai shi gona ya dawo da shi, ya san hanyar kasuwa, ya san ƙofar gidan 'yarsa da take aure a ƙauyen gaba. Saboda wannan jaki jikansa yake zuwa makaranta maimakon ya zama ɗan jagora. Akwai wata baiwar Allah da kuturta ta cinye mata yatsu, ba ta iya riƙe tulu ko ɗaukar jarka, amma tana rataya jarkoki huɗu a jakinta yara su cika mata a famfo, ta sayar ta ci abinci. Waɗannan mutane kullum a cikin fargaba suke kwana.

Ina jakunan suke tafiya? Wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. A ƙasar Sin ana dafa fatar jaki a fitar da wani abu mai danƙo da suke kira ejiyawo, wanda suke sha a matsayin maganin gargajiya na ƙarin jini da gyaran jiki, kuma cibiyar yin sa tana lardin Shandong. A farkon shekarun 1990 Sin tana da jakuna kusan miliyan 11, yau ba su kai miliyan 2 ba. Da nasu suka ƙare sai suka juyo Afirka. Wata ƙungiyar kula da jakuna ta Ingila mai suna Donkey Sanctuary ta ƙiyasta cewa ana yanka aƙalla jakuna miliyan 5.9 a duniya duk shekara saboda fatarsu. A nan ƙasar, ana tattaro su daga kasuwannin kan iyaka irin su Maigatari da Mai'aduwa da Illela, a loda su zuwa mayanka a Kudu, wadda aka fi sani ita ce ta Ezzamgbo a Jihar Ebonyi. Da fatar ta yi daraja, sai jakin da ke turke a bayan gida ya zama abin da ɓarawo zai sayar kafin gari ya waye.

Maƙwabtanmu sun riga mu farkawa. Jamhuriyar Nijar ta hana fitar da jakuna a 2016, bayan da aka fitar da kimanin 80,000 a cikin wannan shekarar, alhali a shekarar da ta gabace ta 27,000 ne. Burkina Faso ma ta hana a 2016 ɗin. A watan Fabrairun 2024 shugabannin Tarayyar Afirka da suka taru a Addis Ababa suka amince da haramta yanka jakuna domin fatarsu a duk faɗin nahiyar, kuma Nijeriya tana cikin wannan tarayya. A Majalisar Tarayyarmu ma an kai ƙudiri a kan lamarin, Garba Datti Muhammad ya kai a majalisar wakilai, Sanata Yahaya Abdullahi na Kebbi ya kai a ta dattawa. Jefi-jefi mukan ji hukumar kwastam ta kama buhunan fatu ko na busasshen nama. Na yaba musu. Amma matuƙar direba da yaron mota kawai ake kamawa, masu mayanka da masu fitarwa suna nan suna jiran lodi na gaba, to an bar jaki ana dukan taiki.

Na saurari masu wannan fatauci suna cewa su ma abinci suke nema, kuma a bar su su kafa wuraren kiwo don jakuna su yawaita. Ba na raina neman abincin kowa, na kuma san talaucin da yake sa magidanci ya sayar da jakinsa da hannunsa ana tsakiyar bazara. Amma duk wanda ya taɓa riƙe jaka ya san kiwo ba zai cim ma wuƙa ba. Shekara guda cur take ɗauke da ciki, wani lokaci ta ɗara, ta haifi ɗa ɗaya tak, sannan ɗan ya yi shekara biyu zuwa uku kafin ya fara ɗaukar kaya. Mota ɗaya kuwa a yini ɗaya take kwashe abin da ƙauye ya tara a shekara goma. Da kiwo yana magance wannan, ai mutanen Sin da suka fi mu kuɗi da dabara da sun magance shi a gidansu.

Na ji a rediyo yadda wasu ƙasashe suke ɗaukar dabbar da naƙasasshe ya dogara da ita. A Jamus tun 1916 aka buɗe makarantar horar da karnuka don su yi wa sojojin da suka makance a yaƙi jagora, a Amurka kuma aka buɗe irinta a 1929. Dokar Amurka ta yarda makaho ya shiga kanti ko asibiti da karensa, ta kuma yi tanadi ga ƙananan dawakai da aka horar don wannan aiki. A Ingila, tun 2014, wanda ya bar karensa ya far wa karen jagoran makaho zai iya shan ɗaurin da ya kai shekara uku, domin sun gane cewa wanda aka cuta a zahiri shi ne makahon. Ba ina cewa a kawo mana karnuka ba ne, al'adarmu da tasu ba ɗaya ba ce. Muna da tamu dabbar, ta dace da ƙasarmu, kakanninmu sun san ta. Fahimtar kawai nake so mu ɗauko.

Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta ba da shekara biyar a gyara gine-ginen gwamnati yadda mai keke zai iya shiga, ta kuma ware kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati ga irinmu. An kafa hukumar kula da masu buƙata ta musamman ta ƙasa a 2020. A nan Jigawa ma ba mu manta da alawus ɗin naira 7,000 a wata da gwamnatin Sule Lamido ta fara bai wa naƙasassu a 2007 ba. Duk alheri ne. Amma in ana taro a Abuja ko Dutse, zancen matakala ne da na'urar hawa bene da rabon kekuna. A ƙauyenmu babu bene. Ina roƙon wannan hukuma da gwamnonin jihohinmu su sa bakinsu a maganar jakuna a matsayin maganar naƙasassu, kada a bar wa ma'aikatar gona ita kaɗai. In za a yi rabon tallafi a karkara a tambayi mutum tukuna, keke yake so ko jaka. Da yawanmu jaka za mu zaɓa, domin za ta ɗauke mu, ta ɗauki kayanmu, ta ba mu taki, ta kuma haifa mana wanda zai gaje ta. Likitocin dabbobi da suke zagayen rigakafin shanu da tumaki su riƙa duba jakuna, ko maganin tsutsar ciki da na gyambo ne. Alƙalai da 'yan sanda da masu gari kuma, in aka kawo musu wanda ya saci jakin gurgu ko na makaho, su auna abin da mutumin ya rasa, kada su tsaya ga farashin kasuwa. Sarakunan kasuwa su daina barin a sayar da jakin da ba a san mai shi ba, dillalai sun san na gida sun san na dare.

Malamanmu ma ina roƙonsu su yi magana a kan mumbari. Allah ya ambaci jakuna a Suratun Nahli tare da dawakai da alfadarai cikin ni'imomin da ya halitta don mu hau. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hau jaki, har ya goya Mu'azu ɗan Jabal a bayansa, ya hana cin naman jakin gida a ranar Khaibara, ya kuma la'anci wanda ya yi wa jaki lalas a fuska. Mutanenmu suna jin maganar malamai fiye da ta kowace hukuma. In liman ya gaya wa jama'a matsayin wanda ya sayi jakin sata, da hakkin maƙwabcin da bai iya tafiya, za a samu sauƙi tun kafin doka ta iso.

Kai kuma Edita, ina roƙon ka tura wakilinka Maigatari wata ranar Alhamis, ya tsaya a kara ya ga jakuna nawa ake shigowa da su da kuma inda ake kai su, ya tambayi farashi. Daga nan ya nemi Sarkin Guragu da Sarkin Makafi na garuruwan da ke kusa, ya tambaye su mutanensu nawa ne suka rasa jakunansu a 'yan shekarun nan, kuma me suke yi yanzu. Za su nuna masa waɗanda a da suke da sana'a, yau suna bakin tasha suna miƙa hannu. In ya ƙaraso wajenmu zan haɗa shi da dattijon nan makaho da sauran 'yan'uwa, su faɗa masa da bakinsu.

Wassalam.

Naka,
Wani mai sana'ar koli,
daga karkarar Gumel, Jihar Jigawa.